"Niƙa" aiki ne ko suna?

Malama Binta, Kofar Kaura:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a aji biyar. Wata ɗalibata ta rubuta "Inna ta niƙa gero", a layi na gaba kuma "an aike ni kai niƙa", sai ta ce: Malama, wanne ne daidai? Yaya zan bayyana mata a saukake?

Malam Sani, Daura:
Wa alaikumus salam, Malama. Duka daidai ne. Idan "ta" ko "sun" suka zo gabansa, aikatau ne. Idan ya karɓi -n, kamar "niƙan gero" ko "niƙan nan bai yi laushi ba", suna ne. Ki ba ta wannan gwajin kawai.

Maman Khalifa:
Ku malamai kun manta da madafa. A gidanmu ba a cewa niƙan tattasai. Abu mai ruwa, wake na ƙosai ko kayan miya, markaɗe ne. Masarar da ba a so ta zama gari, ɓarzawa ake yi. Ka ce wa mai injin unguwarmu "niƙa" alhali markaɗe ka kawo, sai ya tura ka injin gari.

Malama Binta:
Na gode, Yaya. Gobe zan shiga aji da gero da jiƙaƙƙen wake.