Masu fulaza a Kaduna, akwai dokar tsimin wuta da ta hau kanmu ne?

Baban Ummi, Barnawa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a ba ni haske. Ina da ɗan fulaza a Barnawa, shaguna a ƙasa ofisoshi a sama, toh wata ƙungiya ce ta masu ayyukan tallafi ke son kama saman gaba ɗaya, kuɗi ma mun daidaita, sai jiya suka turo min takarda wai in cike: wane irin esi ne a ginin, fitilun LED ne ko na da, kowane ofis yana da mitarsa, wa ya yi wayarin kuma yana da satifiket, ina ake kai baƙin man janareto. Ni dai takardar fili ta KADGIS da izinin gini na KASUPDA na sani, su nake ajiye da su. Wata doka ce ta fito ko tsarinsu ne kawai? Bana so in kashe kuɗi a banza kuma bana so hayar nan ta wuce ni.

Injiniya KD:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abu biyu ne suka haɗu a takardar nan. Akwai kundin ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017 lokacin Fashola na ministan wuta, ayyuka da gidaje, da taimakon GIZ, hukumar raya ƙasashe ta Jamus. A ciki an ce tagogi kar su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi musu rumfa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a rage yawan wutar da fitilu ke ja, esi kuma ya zama mai inbata, wato irin wanda ke rage jan wuta in ɗaki ya yi sanyi. Amma sabon gini aka fi nufa da shi, kuma sai jiha ta ɗauka ta sa cikin sharuɗɗan izinin gini yake zama dole. Namu bai kai irin na Ingila ba, can tun Afrilu 2023 in ginin kasuwancinka bai kai matakin E a takardar ingancin makamashi ba (maki ne daga A zuwa G, A ya fi kyau), ba ka da ikon ci gaba da ba da shi haya sai da uzurin da doka ta yarda da shi. Irin ƙungiyoyin nan sau da yawa daga ƙasashen waje kuɗinsu ke zuwa shi ya sa suke tambaya. Ga kuma dokar sauyin yanayi da Buhari ya sa wa hannu a Nuwamba 2021, ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama nauyin rage hayaƙin da yake fitarwa, kaga dole su duba ginin da za su zauna.

Wayarin kam kar ka yi wasa da shi, nemi mai lasisin NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wuta, ya gwada ya ba ka takarda. Baƙin mai kuma a tara a durom a ba masu karɓa, kar yaron janareto ya riƙa tuttule shi a kwata, wannan KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, na da hurumin kama ka a kai.

Hajiya Mai Shaguna, Kawo:
Alhaji ko babu doka wlh ka sa mitar nan don kanka. Tunda NERC mai ƙayyade kuɗin wuta ta ɗaga kuɗin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, a Afrilu 2024 daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kowane yunit, duk da an ɗan rage daga baya har yau dai sama da 200 ne, raba bil da ƙiyasi ya zama fitina. Ni a wurina mai ɗinki da keke biyu da fanka ana raba musu daidai da mai firiza uku na ƙanƙara da zoɓo, duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki a gaban kiyateka, har wata baiwar Allah ta tashi ta bar min shago. Da na sa wa kowa ƙaramar mita shiru kake ji, kuma da kansu suka fara kashe fitila da rana.

Ɗan Tudun Wada:
Ni a ganina duk dogon zance ne, Alhaji ka zuba sola kawai ka huta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 janareto ya daina zama mafita.

Injiniya KD:
Malam sola na da kyau amma ba da ita ake farawa ba, in ka ɗora ta kan ginin da ke shan wuta ba lissafi sai ka sayi fanel da batir ninkin abin da ya kamata. Alhaji gobe da misalin ƙarfe biyu na rana ka hau sama ka ɗora tafin hannunka a silin. In kwano ne tsirara a samansa za ka ji shi kamar murfin tukunya, wannan zafin shi esi ke yini yana faɗa da shi, balle a watan Maris da Afrilu. A shimfiɗa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, tagogin da ke kallon yamma a yi musu rumfa, wannan kaɗai zai sauƙaƙa wa esi aiki sosai. Ka yi lissafi, tsohon esi mai doki ɗaya da rabi yana jan fiye da kilowat ɗaya, in ya yi awa 8 ya sha wajen yunit 9, kusan naira 2,000 kenan a rana a ɗaki ɗaya tak. In za ka canza ka duba tambarin taurari na SON, hukumar ingancin kaya, yawan taurari shi ne yawan tsimin wuta, kuma ka guji masu gas R22 ko da an karya maka farashi, ana kan janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, nan gaba samun gas ɗin ma wahala zai yi. Dogayen fitilun nan masu wat 36 a mayar da su LED mai 18. Sannan bayan hunturu a wanke injin waje, ƙura ce ke toshe shi ya yi ta gurnani ba sanyi.

Baban Ummi, Barnawa:
Allah ya saka da alheri Injiniya, Hajiya na gode ƙwarai. Na kira su mun yi magana, sun yarda in fara da mita da fitilu da takardar wayarin kafin su shigo, esi kuma a riƙa canzawa a hankali ana cirewa daga kuɗin haya, za mu sa shi a rubuce cikin yarjejeniya. Saura rufin. Injiniya, dole sai an ɗaga kwanon ne ko ana iya shiga ta cikin silin a shimfiɗa abin tare zafin?

Injiniya KD:
In akwai ƙofar shiga silin kuma mutum zai iya rarrafe a ciki ba sai an taɓa kwano ba Alhaji. A dai yi aikin da sassafe kafin wurin ya ɗau zafi, a kashe wutar ginin tukuna, kuma kar a rufe wayoyi da shi.