A daina ce musu gunki: ni dai 'yar lelen dandali na zaɓa

1/ Jama'a, akwai kalmar da ke wahalar da masu rubuta labaran nishaɗi da Hausa, wato "idol", wadda mutanen Japan ke furtawa "aidoru". Ƙamus zai ce maka gunki. In ana maganar Tsumburbura a kan Dala ne, ƙamus ya yi daidai. Amma ka rubuta "gunkin Japan ta saki sabuwar waƙa" ka gani, mai karatu zai yi a'uzubillahi tun bai kai ƙarshen layin ba. An ɗora wa yarinya da masoyanta laifin da ba su san da shi ba.

2/ Su kansu mutanen Japan aro suka yi. Kalmar ta samu gindin zama a can ne a shekarun 1960, bayan an nuna wani fim na Faransa da mawaƙiya Sylvie Vartan ta fito a ciki. Daga 1971 gidan talabijin na Nippon ya fara shirin Star Tanjo, inda 'yan makaranta ke zuwa su rera waƙa, wakilan kamfanoni na zaune suna zaɓe. Tun daga nan ma'anarta ta zama: matashiya ko matashi da kamfani ya ɗauko tun bai goge ba, jama'a suna kallo yana koyo, suna ji kamar su suke renonsa.

3/ Hanyar da nake gwada sabuwar kalma ita ce in ɗora ta a kan mutum guda, in ga ko za ta bi shi daga ƙuruciya har girma. Babu wadda ta fi dacewa da wannan gwaji kamar Matsuda Seiko. An haife ta a 1962 a garin Kurume da ke yankin Fukuoka, ta fitar da faifanta na farko a watan Afrilun 1980 tana da shekara 18, kuma bayan shekara arba'in da ɗoriya ba ta ajiye waƙa ba.

4/ Wasu sun ce a bar shi a mawaƙiya kawai. Gaskiya ne mawaƙiya ce, amma hakan bai bambanta ta da kowa ba. Tauraruwa ma haka. Mawaƙiyar Japan Misora Hibari tauraruwa ce babba, amma ba a sa ta a layin aidoru irin na su Seiko. Jaruma kuwa 'yan fim sun riga sun kama.

5/ Wata 'yar'uwa ta kawo zabiya, kuma na daɗe ina juya shawarar, domin kalma ce tamu mai nauyi. Inda ta ƙi zama shi ne alƙibla. Zabiya ita ke wasa mai biki, ita ke koɗa wasu. A wajen aidoru abin juyawa yake yi. A farkon shekarun 1980 samari kan zo zauren wasa a ƙungiyance, da ƙyalle ɗaure a goshi da riguna iri ɗaya, sun haddace daidai inda za su haɗa baki su kira sunanta tsakanin baiti da baiti. Ita ake yi wa kirarin.

6/ To ga tawa: 'yar lelen dandali. Namiji, ɗan lelen dandali. Jam'i, 'yan lelen dandali.

7/ Ku ɗora ta a kan waƙarta ta biyu, Aoi Sangosho, ta bazarar 1980, waƙar teku da iska da son farko. Lokacin da ta fara shiga jerin goma na shirin talabijin The Best Ten, mai jera waƙoƙin da ke tashe, daga jirgin sama ta sauko a filin Haneda na Tokyo ta rera ta a nan tsaye. Ranar da waƙar ta kai matsayi na ɗaya a shirin kuwa, aka haɗa ta da mahaifiyarta kai tsaye, ta ɓarke da kuka tana kiran "Mama". Ƙasa guda na kallon yarinya 'yar shekara 18 tana kiran uwarta. Wace kalma ce a Hausa ta fi kama wannan yanayi? Tauraruwa tana can sama, nesa da mutane. Wannan kuwa kowane gida ya ɗauke ta tamkar tasa, har 'yan mata suka dinga zuwa wajen gyaran gashi suna cewa a yi musu irin nata.

8/ Wani malami ya yi mini gyara mai kyau. Ya ce lele yana tafe da sangarta, in ka ce wance 'yar lele ce, akwai ɗan zargi a ciki. Haka ne, Malam, kuma wannan ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Zargin da aka yi wa Seiko ke nan a lokacin. Masu suka, musamman mata, sun ce kukan nan babu hawaye, shagwaɓa ce ta ganganci, suka laƙa mata "burikko", wato mai yi wa maza ƙuruciyar ƙarya. Ashe so da zargin tare suke tafiya a can ma. Kalmar da ta ɗauko duka biyun ta fi wadda ta ɗauko yabo kaɗai.

9/ Yanzu ga inda gwajin ya fi tsanani. A al'adar wancan zamani, aidoru ba ta daɗewa. A shekarar da Seiko ta fito, a ita shahararriyar aidoru Yamaguchi Momoe ta yi ban kwana tana da shekara 21, ta ajiye makirufo a kan dandamalin zauren Budokan na Tokyo ta tafi gidan aure, ba ta koma ba. Haka aka zaci za ta kasance da Seiko.

Waƙoƙin ne suka hana. Akai Sweet Pea ta 1982, wadda Matsumoto Takashi ya rubuta, Matsutoya Yumi ta yi mata kiɗa da sunan aro, labarin budurwa ce da saurayinta mai kunya, wata shida da haɗuwa ko hannunta bai riƙe ba. Muryar ta sauko, gudun ya ragu, kuma da ita ne matan da suka ƙi ta da farko suka fara dawowa. A 1983 aka sa Sweet Memories a wata talla ta kamfanin Suntory mai zanen tsuntsayen ƙanƙara, ba a rubuta sunan mai waƙar ba da farko. Mutane da yawa suka yi ta tambayar wace ce wannan mai rera Turanci a hankali haka. Da aka gane ita ce, waƙar da aka ajiye a bayan faifai ta zama cikin waɗanda aka fi saninta da su. Tsakanin 1980 da 1988 faya-fayanta 24 a jere suka zo na ɗaya a jerin Oricon, mai ƙididdige cinikin faya-fayai a Japan.

10/ Ta yi aure a 1985, ta haihu a 1986, ta dawo dandali a 1987. Abin ya zo wa mutane sabo har sai da suka ƙirƙiro wata kalma, "mamadoru", wato aidoru da ta zama uwa. Mu ba sai mun sha wahala ba: 'yar lele mai goyo. Ku gwada da gunki ku ji yadda za ta fita.

11/ Waƙar da na fi so a duk wannan tafiya ita ce Anata ni Aitakute ta 1996, wato ina marmarin ganinka. Tana da shekara 34, ita ta rubuta baitocin da hannunta, kuma faifan ya haura miliyan ɗaya, ya fi duk nata kasuwa. Babu sauran tekun bazara a ciki, mace ce ke tuna wanda suka rabu. Duk da haka ba a daina kiranta aidoru ba, sai ma aka ƙara mata da "ta har abada". Nan ne lele ya fi sauran kalmomin riƙo. Budurci yana ƙarewa, tashe yana wucewa, amma mace ko ta yi jikoki, a wajen waɗanda suka rene ta 'yar lele ce. Waɗanda suka ɗaura ƙyalle a goshi a 1980 su ne masu furfurar da ke cika mata zaure yanzu.

12/ Akwai inda kalmar tawa ta gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Lele bai nuna igiyar kamfani ba. Yaran nan aiki suke yi ba dare ba rana, kuma a wasu ƙungiyoyin an hana su soyayya a fili. A 2013 wata 'yar ƙungiyar aidoru ta AKB48 ta aske kanta ƙwal ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara saboda an gan ta da saurayi. Abin yana ci mini rai duk sanda na tuna. Shi ya sa na dage a haɗa da dandali, don a san sana'a ce ake yi a gaban jama'a, da masu gida da dokokinsu. Mai rubuta labari irin wannan sai ya faɗi ɓangaren kamfanin a fili, kada ya bar wa kalmar.

13/ Yadda nake ganin a yi amfani da ita: a ambaton farko a rubuta ta cikakkiya, daga nan a taƙaita zuwa 'yar lele. Misali, "Go Hiromi, ɗan lelen dandalin da ya fara tun 1972, yana nan yana waƙa." Ko kuma, "A watan Yunin 2024, Hanni, 'yar lelen dandali ta ƙungiyar NewJeans ta Koriya, ta rera Aoi Sangosho a Tokyo Dome, matasa suka koma neman asalin waƙar." Masu son shalele a maimakon 'yar lele, ban ƙi ba, tana da amfanin haɗa namiji da mace, sai dai jam'inta ne ban ji ya zauna a baki ba. 'Yan'uwa na Zinder da Maraɗi, ku faɗa mana ko lele na ɗauke da wannan ma'ana a wajenku yadda take a Kano.