Soson girafin ɗina yana motsewa idan ya bushe, ina mafita?

Ummu_Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, aikina kuwa shi ne haɗa soson girafin (girafin siririn fallen sinadarin kabon ne), wanda ake kira ayarojel, don tsotse baƙin mai daga ruwa. Abin da ya ja ni gare shi kwatar da ke bayan garejin makanikai a unguwarmu ce, wadda da damina take kwashe man ta zuba a kududdufin da shanu ke sha.

Na samu girafin oksayid, wato girafin mai haɗe da oksijin, daga girafayit (baƙin abin da ke cikin fensir) ta hanyar sarrafa sinadarai da ake kira Hummers, na narka miligiram 2 a kowace mililita ta ruwa, na zuba a tukunyar matsi, digiri 180 na awa 12, yadda masu bincike na Jami'ar Tsinghua suka yi a 2010. Ya fito baƙi wuluk, a dunƙule, yana tsayuwa da kansa. Sai na sa shi a oben don ya bushe. Da safe na tarar da ɗan tsinke mai tauri kamar busasshiyar kuɓewa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba. Sau huɗu ke nan. Na'urar busarwa da sanyi ta sashenmu ta lalace tun bara. Don Allah wanda ya taɓa yin wannan aiki ya taimaka mini, girafayit ɗina ya kusa ƙarewa.

Malam_Mai_Lab:
Wa alaikumus salam. 'Yata, haɗinki ba shi da laifi, busarwar ce ta cuce ki. Abin da kika ciro daga tukunya kusan duk ruwa ne, girafin ɗin siraran bangaye ne kawai tsakanin ƙananan ramuka. Idan ruwa yana fita daga rami ƙarami, yakan jawo bangon ramin ciki, kamar yadda laka take tsukewa ta tsage idan fadama ta ƙafe. Gwargwadon ƙanƙantar ramin, gwargwadon ƙarfin jan. Wannan matsala ce Samuel Kistler ya warware a 1931 da ya yi ayarojel na farko da silika. Yau ana kauce mata ta hanya biyu: ko a daskarar da ruwan a zuƙe ƙanƙarar ta tafi a matsayin tururi, ko a yi amfani da iskar kabon dayoksayid a sama da digiri 31 da matsin bar 74. Duka biyun suna son na'urar da ba ki da ita.

Amma akwai ta uku. Kin taɓa mance awara a firiza? Idan ta narke za ki ga ta koma soso, ki matse ta ta dawo. Ƙanƙara ce ta ture naman awarar gefe ta bar manyan ramuka masu kaurin bango. Haka girafin yake yi. Rukunin Dan Li a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun nuna a 2012 cewa idan aka fara cire wa girafin oksayid wani ɓangare na oksijin ɗinsa, sannan aka daskarar da shi, yakan ba da soso mai lanƙwasa ya miƙe. Daga baya wasu suka gano irin wannan yana jure bushewa a iska.

Ga yadda nake yi. Ki ajiye tukunyar matsi. Ki ƙara kaurin haɗin ya kai miligiram 4 ko 5, ki zuba bitamin C ninki biyu na nauyin girafin oksayid, ki dumama a digiri 95 har ya fara kamawa, kada ki bari ya tsuke ya saki jikin kwalba. Ki sa a firiza ya daskare har tsakiya, ki fitar ya narke da kansa, ki mayar kan zafin na wasu awanni. Sai ki wanke, ki musanya ruwan da etanol a hankali, don ƙarfin jan etanol bai kai sulusin na ruwa ba. Ki busar a digiri 60 ko ƙasa. Kuma ki rage girgiza shi da na'urar sauti, tana yayyaga fallayen, alhali manya ne ke riƙe bango.

Injiniya_Zinder:
Gafarta Malam, tambaya a gefe. Na ji an ce soson girafin ya fi iska rashin nauyi. To me ya hana shi tashi sama?

Malam_Mai_Lab:
Wanda Gao Chao da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Zhejiang a 2013 nauyinsa miligiram 0.16 ne a kowace santimita kubik, iska kuwa wajen 1.2. Sai dai ƙashin soson kaɗai aka auna. Ramukansa cike suke da iska, idan ka haɗa da ita ya fi iskar nauyi, shi ya sa ba ya tashi sama.

Yaya_Babba_Kano:
Ƙanwata, ni ina aikin tace ruwan masana'anta, kuma shawarata kada ki bi rashin nauyi. Na Zhejiang an ce yana shan mai har ninki 900 na nauyinsa, amma mai gareji abin da zai tambaye ki shi ne sau nawa zai matse shi kafin ya marmashe. Ki auna wannan, zagaye goma, ashirin, da ainihin baƙin mai na mota, don yana da kauri da datti. Ki kuma gwada soson melamin da ake goge bango da shi, ki tsoma a girafin oksayid ki ba shi bitamin C. Girafin kaɗan yake ci, ƙashinsa kuma a shirye yake. Ki sa shi a matsayin abin kwatance, ko da zai doke naki.

Ummu_Kimiyya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na bi abin da ka ce da kwalabe uku. Firizar gidanmu na yi amfani da ita, aka ɗauke wuta cikin dare, ɗaya ba ta daskare har ciki ba, ita ce ta motse. Sauran biyun sun ragu kaɗan ne kawai, na danna da yatsa suka dawo. Ɗigon ruwa yana tsayawa a kansu, amma bayan ɗan lokaci yana shiga, alhali mai kaɗai nake so su sha. Shin gasa shi cikin iskar agon zai gyara wannan? Akwai tanda a sashen fiziks. Yaya, na sayo melamin ɗin, gobe zan je garejin karɓo man.