Waƙar da ba ta yi tashe ba, amma ta kama ka

Ɗan Wusasa: Salamu alaikum jama'a. Kullum Fela, Bob Marley, James Brown, sai ka ce su kaɗai suka taɓa riƙe makirufo. Kowa ya kawo mana waƙa ɗaya ta fonk, rege, rok ko jaz da ba a cika sani ba, ya faɗi yadda aka yi suka haɗu. Tawa "Ikon Allah" ce ta marigayi Bala Miller. Mutumin Zariya ne, amma ni a Nigeria 70 na fara jin ta, wato tarin tsofaffin kiɗan nan da kamfanin Strut na Ingila ya fitar a 2001. Ana cikin Yarbanci da Turanci, kwatsam sai ga Hausa tsantsa a kan jita da ƙahonni. Da na kunna wa kawuna dariya ya yi, ya ce su a Costain Club ta Kaduna suka sha kallonsa tun ba a haife ni ba.

Maman Hadiza, Maraɗi: Wa alaikumus salam. Mu nan Nijar duk wanda ya tashi gaban rediyo da talabijin na gwamnati ya san wani kiɗan fiyano mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri. Muna yara babu wanda ya damu ya tambayi mai shi, alama ce kawai ta a yi maza a gama wanke-wanke kafin labarai. Ashe Mamman Sani ne, kuma tun 1978 ya naɗe shi a kaset. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka suka sake fitar da shi. Ku nemi "Salamatu". Ranar da ɗana ya kunna min ita a waya sai da na ajiye ludayi na zauna.

Ras Sabon Gari: Hajiya, da girmanki, wannan ai ba fonk ba ne, ba rege ba.

Maman Hadiza: To ɗana, kawo taka mu ji.

Ras Sabon Gari: "Fisherman" ta The Congos, 1977. Lee Perry ne ya haɗa ta a Black Ark, ɗan ɗakin naɗar kiɗa da ya gina a bayan gidansa a Kingston. Wani mai gyaran rediyo a layinmu ne ya dinga saka ta, kaset ɗin ko suna babu, in ya sarƙe da biro yake juya shi. Siririyar muryar Cedric Myton ta sa 'yan layi suka yi ta musu kan mace ce ko namiji. Kada ku ji ta a lasifikar waya, duk nauyin kiɗan a ƙasa yake, wayar cinye shi za ta yi.

Baba Na Jos: Ɗan Wusasa, ka koma cikin tarin nan naka, akwai "Enjoy Yourself" ta Sahara All Stars. 'Yan Jos ne, a gabanmu suka yi zamaninsu. Ina da faifan garmahonsu, in allura ta fara tsalle sai mu ɗora mata kwabo ta nutsu. Zafin ɗakin kwano ya lanƙwasa rabin faya-fayan da na tara, wasu kuma jikoki suka mai da su abin wasa. Masu son rok su nemi "Try and Love" ta Ofege, 1973. Yaran makarantar St. Gregory's ne a Legas, ko sakandare ba su gama ba, amma ka ji kukan jitar nan ba ka cewa yara ne.

Abu Mai Wurno: Gaisuwa daga Sudan. A wurinmu in an ce jaz, ana nufin ƙungiya mai jita da ƙahonni da gangunan Turawa, ba lallai irin na Amurka ba. Sarkinsa Sharhabil Ahmed, matarsa Zakiya ma ta kaɗa jita a ƙungiyarsa. A gidajen biki muka san waƙarsa "Argos Farfish", ba mu taɓa ɗaukarta wani abin nema ba sai da kamfanin Habibi Funk na Jamus suka fitar da ita a 2020.

Ɗan Wusasa: Baba, don Allah sauran faifan da suka tsira a jera su a tsaye, nesa da rana, kada a kwantar da su kan juna. In na shigo Jos zan zo da na'ura mu kwafe su.

Baba Na Jos: Allah ya kawo ka lafiya. Ka taho da sabuwar allura, tawa ta cinye.