Ƙanwata ta gudo daga gidan miji a Maamobi, ina zan kai ta?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta gudo wurina jiya da dare da yara biyu. Mijin ya doke ta, ya shaƙe mata wuya har muryarta ta dushe. Ɗaki ɗaya gare ni a Nima, kuma ya san gidan. Manya sun ce ta yi haƙuri a kira liman. Akwai inda ake ɓoye mata a Accra? Da me zan fara?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Asibiti yau, kada a kai gobe. Shaƙa ta fi duka haɗari, don kumburin maƙogwaro na iya tasowa bayan sa'o'i, alhali ba a ganin komai a waje. Dushewar murya, wahalar haɗiya, jan ido, duk a faɗa wa likita. In numfashi ya fara yi mata wuya, ku wuce asibiti kai tsaye. In ba haka ba, ku fara biyawa ta ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. Za ta ba da bayani, su ba ta fom ɗin asibiti, likita ya cike ya sa hannu, ku mayar musu. Fom ɗin nan shi ne ƙashin bayan shari'ar. Ana yawan karɓar kuɗi kafin a cike shi, nan ne mata da dama ke sarewa, don haka ku tanadi wani abu. Ku ɗauki hoton raunukan yau, ku sake bayan kwana biyu, lokacin da tabon ya fito sosai. Hotunan su zauna a wayarki, ba tata ba.

Wani lauya: Hajiya ta faɗi gaskiya. Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007, wato Act 732, ta ɗora wa 'yan sanda taimaka mata ta samu magani da wurin tsira, su kuma raka ta ta kwaso kayanta. Kada ta koma kwasar kaya ita kaɗai. Ke ma doka ta ba ki damar kai ƙara a madadinta. A nemi kotu ta ba da odar kariya: ta wucin gadi ba ta wuce wata uku, cikakkiyar kuma tana kaiwa wata 12, ana iya sabuntawa. In ya keta, laifi ne daban. Ciyar da yara kuwa, Social Welfare, wato ofishin jin daɗin jama'a, da kotun iyali ke da wannan. Babu kuɗin lauya? Legal Aid, hukumar taimaka wa marasa hali a shari'a, ko FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a: Batun mafaka, akwai amma kaɗan ne, kuma ba a bayyana adireshinsu, ba wurin da za ki je ki ƙwanƙwasa ƙofa ba ne. Ƙungiyar Ark Foundation sun daɗe a wannan aiki. Ta hannun DOVVSU ko Social Welfare ake tura mutum. Ki kira 0800 111 222, layin ma'aikatar mata ne, kyauta. Ki faɗi shekarun yaran tun farko, ba kowane wuri ke karɓar yaro namiji da ya tasa ba. Kafin nan kada ta ƙara kwana ɗakinki. A samu gidan da bai sani ba, nesa da Nima da Maamobi, mutum biyu kawai su san wurin. Zango ba ya riƙe sirri. Ta riƙe Ghana Card, katin NHIS na inshorar lafiya, takardun haihuwar yara, ta canza lambar sirrin MoMo, asusun kuɗinta na waya. A sanar da makarantar yaran kada a ba kowa su.

Wani dattijo: 'Yata, kiran liman ba laifi ba ne, sai dai ba shi ne farko ba. Sulhun da aka yi kafin a cike fom, ciwo ya warke, shaida ta tafi, ranar da ya sake sai a ce ina hujja. In za a zauna, a zauna gidan liman ko na sarkin zango, da waliyyinta a wurin, kuma kada a ce ta bi shi gida a ranar.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Mun kama hanyar DOVVSU, yaran suna wurin wata aminiyata.