PSU (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) mai wat 450 zai iya ɗaukar Ryzen 7 5800X?

Salam jama'a, a taimaka min. Na cire furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 3600 na sa 5800X a kwamfutata ta gem, katin hoto RTX 3060 ne, na kuma sabunta BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta). Lilo a intanet lafiya lau. Amma da gem ya ɗau zafi sai ta ɗauke ɗif, fankoki su tsaya, ba wani saƙo a allo.

Na canza man sanyaya furosesa, zafinta bai wuce digiri 80 ba. Na zaci wutarmu ta Kaduna ce, na koma inbata, duk ɗaya. Da na mayar da tsohuwar furosesar, ko sau ɗaya ba ta mutu ba.

Tsohuwar wat 65 ce, sabuwar 105, katin 170. PSU ɗin ne ya gaza, sai na sayi mai wat 650?