Tabarma ce ko raga? Neman sunan abin da ake shimfiɗa wa gangaren tudu

Jama'a, ina neman kalmar Hausa ga abin da injiniyoyi ke kira jiyotekstayil. Irin na zaren tsiro nake nufi, wanda ake shimfiɗawa a gangaren tudu, ko gefen hanyar da aka yanka tsauni aka fitar, don kada ruwan sama ya zaizaye ƙasa.

Ga yadda yake ga wanda bai taɓa gani ba. Igiyoyi ne masu kauri aka saƙa wara-wara, yatsa na shiga tsakanin igiya da igiya, kuma a naɗe ake kawo shi. Sai a gyara gangaren, a watsa irin ciyawa, a haƙa ɗan rami a saman tudun a binne bakinsa, sannan a warware shi zuwa ƙasa ana bi ana kafe shi da turaku, gefen wannan ya hau kan gefen wancan. Ruwan da ya gangaro, kowace igiyar gicciye sai ta rage masa gudu ta tare ƙasar da ya ɗebo. Ciyawa ta ɓullo ta ramukan, saiwarta ta riƙe ƙasa, shi kuwa ya ruɓe ya zama taki.

Iri biyu suka fi yawa. Akwai na zaren ɓawon kwakwa, wanda cibiyar saƙarsa jihar Kerala ce a Indiya, musamman garin Alappuzha. Tun 1953 ƙasar ta yi dokar kafa hukumar wannan sana'a. Yakan yi shekara 3 zuwa 5 kafin ya ruɓe. Sai na zaren buhun algarara daga Bangaladash da gabashin Indiya, wanda shekara ɗaya ko biyu ya gama. Ɗaya daga cikin tsirrai biyun da ake cire wannan zare a jikinsu ma lalon miyarmu ne.

Da na jefa tambayar, mafi yawan amsoshi sun ce "tabarmar ƙasa". Tana da daɗin faɗa, amma ban gamsu ba. Tabarmar kaba a matse ake saƙa ta, in ka shimfiɗa ta kan shuka ka kashe shukar. Manomin da aka ce wa ya rufe gangaren gonarsa da tabarma, da gaskiyarsa in ya ƙi.

An kuma kawo "zana" da "asabari", amma ba su daɗe ba aka ajiye su: ɗaya kafa ta ake yi a tsaye, ɗayan rataye shi ake yi a ƙofa.

Wani malami ya kawo "bargon ƙasa". Allah ya ƙara basira, malam, akwai hujja a ciki, don abin yana riƙe danshi yana kare iri daga zafin rana. Sai dai bargo rufe abu yake yi ruf, alhali nan rabin aikin ramukan ne suke yi.

Ni dai na tsaya kan "ragar gangare". Bahaushe ya san raga da ramuka, ya san ana ɗaure ta ta riƙe abu. Wani ya ce ai za a zaci ta kamun kifi ce ko ta ƙwallo. To "gangare" ɗin ya raba gardama.

Tana kuma karɓar ƙari ba wahala: ragar gangare ta kwakwa, ta algarara, ta roba. In masu igiyar rama suka saƙa tasu, ta rama. A gwada ta a baki: "A shimfiɗa ragar gangare kafin damina ta sauka." Waɗanda ke noma a tuddan Jos da Mambila, in kuna da sunan da kuka riga kuka saba da shi, ku kawo a ji.